Yadda Ake Gano Matsalar Inji Daga Launin Baƙin Mai

Yawancin masu mota idan suka zare sandar awon mai, abu ɗaya suke dubawa, wato ko man ya ragu. Ƙalilan ne ke tsayawa su kalli launinsa, kuma ko a cikinsu baƙi ne ya fi tayar musu da hankali, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin launukan da mai ke komawa. Wanda ya kamata ya hana mutum tayar da mota shi ne man da ya koma ruwan madara, sai wanda ya tsinke yana warin fetur, sai kuma mai ƙyalƙyali idan an kai shi rana. Duk da haka launi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. A garejojin Maradi na sha ganin an kwance kan inji lafiyayye saboda ɗan farin dagwalo a ƙarƙashin murfi, na kuma ga wanda aka ce masa ya yi juye kawai, wato ya canza mai, ya wuce, ya kama hanyar Tasawa injinsa ya buga. Hanyar da nake bi ita ce in haɗa launi da yawan mai da warinsa da kaurinsa, sannan in tabbatar da gwaji na biyu kafin in sa sifana a jikin inji.

Kayan da za ka tanada

Ka nemi farin tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, da farar takarda mai ɗan kauri wadda ba ta da santsi, da kwalbar gilashi mai haske wadda ka wanke ta bushe sarai. Bushewar kwalbar tana da muhimmanci, domin ɗigon ruwa ɗaya da ya saura a cikinta zai sa ka zargi injin da ba shi da laifi. Za ka buƙaci tocila, da maganaɗisu ko da na tsohon lasifikar rediyo ne, da murfin gwangwani ko tsohon cokali na ƙarfe, da filaya ta riƙe shi, da sifanar da ta dace da notin juye, da kwano mai faɗi na tarar mai. Sirinji babba da siririn tiyo suna sauƙaƙa ɗebo mai ta ramin sandar awo ba sai ka shiga ƙarƙashin mota ba, amma idan babu su aikin ba zai tsaya ba. Abin da mutane ke mantawa da shi kuma shi ne ɗan ragowar sabon mai irin wanda aka zuba a juyen ƙarshe, wanda da shi za ka kwatanta launi da kauri. Ka sa safar hannu in kana da ita, domin tsohon mai ba ya yi wa fata kyau.

Na'urar auna matsin silinda da famfon gwada lagireto kayan gareji ne, kuma ba kowane gareji ke da su ba. Zan faɗi inda suke shigowa da abin da ake yi idan ba a same su ba.

1. Fara da tarihin motar

Kafin ka buɗe bonet, ka amsa wa kanka waɗannan tambayoyi, ko ka yi wa direban motar. Yaushe aka yi juye, kuma kilomita nawa aka ci tun daga lokacin? Wane mai aka zuba, na cikin galan a rufe ko na awo da ake sayarwa a kwalba bakin titi? An ƙara wani maganin inji a ciki? Motar ta taɓa tafasa kwanan nan? Ana yawan ƙara mata ruwa a lagireto? Ta ratsa ruwa mai zurfi, ko an wanke injin da famfo mai ƙarfi? Sau da yawa amsar ɗaya daga cikin waɗannan ita ce rabin binciken. Motar da ta ratsa korama a watan Agusta a hanyar ƙauye sannan manta ya yi fari, da wadda manta ya yi fari bayan ta tafasa a zafin Afrilu, launinsu ɗaya ne, amma gyaransu ya bambanta nesa ba kusa ba.

2. Zare sandar awo yadda ya dace

Ka ajiye motar a wuri mai daidai, domin mota a karkace ba ta ba da awo na gaskiya. Idan injin bai nuna alamar haɗari ba, ka tayar da shi ya ɗumama, ka kashe, ka jira minti 5 zuwa 10 man ya sauko. Amma idan tun farko ka ga ruwan madara a sanda, ko fitilar mai ta kama a gaban direba, ko injin yana ƙwanƙwasa, kada ka tayar da shi ko na minti ɗaya. Ka yi binciken a sanyi.

Ka zare sandar, ka goge ta, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarewa. Awo na biyu shi ne abin dogaro. A motoci da yawa masu giya otomatik akwai sanda biyu, kuma na ga masu koyo sun zare ta giya, sun ga jan mai, hankalinsu ya tashi a banza. Ka tabbatar wadda ka zare tana shiga jikin injin ne kai tsaye.

3. Duba yawan man kafin launinsa

A sandar akwai alama biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma a yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu kusan lita 1 ce. Mai yakan ragu a hankali, wannan ba abin mamaki ba ne a tsohon inji. Abin tsoro shi ne man da ya ƙaru ba wanda ya ƙara. Inji ba ya haifar da mai, saboda haka idan awo ya haura alamar sama, wani abu ne ya shiga, ko ruwa ko fetur ko gazuwal, wato dizal. Ka fara tambaya ko yaron gareji ne ya cika shi fiye da kima a ranar juye. In ba haka ba ne, ka riƙe wannan alamar da kyau, domin za ta taimake ka a mataki na 5 da na 6.

4. Kalli launin a hasken rana, ka shinshina, ka murza

Kada ka yanke launi a jikin sanda ko a cikin inuwar rumfa. Ka ɗiga man a farin tsumma, ka ɗiga sabon mai kusa da shi, ka fita rana. Sabon mai ruwan zuma ne mai haske. Idan ya yi aiki yakan koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi duhu har ya zama baƙi, saboda zafi da kuma baƙin hayaƙin da yake kwasowa daga silinda. A cikin man akwai sinadarai da aka sa musamman don su riƙe wannan dattin yana yawo maimakon ya manne a jikin ƙarfe, don haka man da ya yi baƙi yawanci aikinsa yake yi. A injin gazuwal irin na Hilux da Hiace, man yakan yi baƙi ƙirin ƴan kwanaki bayan juye, wani lokaci ma tun a ranar, kuma sake juye saboda wannan asarar kuɗi ce.

Bayan kallo sai ka shinshina. Lafiyayyen tsohon mai warin mai kawai yake yi da ɗan hayaƙi. Warin fetur mai ƙarfi, ko ƙauri, ko wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kowannensu yana da ma'ana. Sannan ka murza ɗigo ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ka ji ko yana da santsi da yauƙi, ko ya tsinke, ko akwai gurzo a ciki.

A nan ne nake yin gwajin takarda. Ka ɗora farar takardar a bakin kofi yadda tsakiyarta ba ta taɓa komai, ka ɗiga ɗigo ɗaya na man yana da ɗumi, ka ajiye a ɗaki inda ƙura ba ta kai, ka bar shi ya kwana. Man da ke da sauran ƙarfi yakan bazu daidai, duhunsa yana raguwa a hankali daga tsakiya zuwa baki. Idan baƙin ya taru a tsakiya ya yi tabo mai kaifin baki ya ƙi bazuwa, sinadaran man sun gaji ko ruwan lagireto ya lalata su. Idan kuma ɗigon ya bazu da sauri ya yi faffaɗan zobe mai haske a kewaye, ana zargin fetur ko gazuwal. Gwaji ne na nuni kawai, amma ba ya cin ko dala.

5. Idan man ya yi fari ko ruwan madara

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar haƙuri. Mai da ruwa idan inji ya kaɗa su tare sukan zama wani abu mai kauri, fari-fari da ɗan ja, kamar kunun gyaɗa. Tambaya ta farko ita ce a ina ka gan shi.

Idan a ƙarƙashin murfin zuba mai kawai yake, sandar awo kuma tana nuna mai mai kyau, ruwan lagireto bai ragu ba, to mafi yawanci gumi ne. Ƙonewar fetur tana haifar da tururi, wani yana sulalewa cikin inji, kuma ba ya fita sai man ya yi zafi sosai, wajen digiri 90 zuwa 100. Motar da aikinta kai yara makaranta da safiyar hunturu, daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa unguwar Zariya a cikin Maradi a dawo a kashe, ba ta samun wannan zafin, sai tururin ya daskare a murfi, wanda shi ne wuri mafi sanyi. Haka motar da ta daɗe a ajiye, kamar waɗanda ake kawowa daga Kwatano bayan sun yi watanni a tashar jirgin ruwa. Ka goge murfin, ka yi tafiyar rabin awa ko fiye a kan babbar hanya, zuwa Gidan Rumji da dawowa ta wadatar, ka sake dubawa bayan kwana biyu. In bai dawo ba, an gama.

Idan kuwa farin yana jikin sanda, to ruwa ya shiga kaskon mai, kuma motar ba za ta ƙara motsi da injinta ba sai an gano ta inda ya shiga. Man da ya gauraya da ruwa ba ya kare metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, kuma idan ruwan na launi ne da ake saye a galan, sinadarin da ke cikinsa yana cin metal ɗin yana kuma mai da man dagwalo.

Ka tabbatar da ruwan ta hanya biyu. Ta farko, ka bar motar ta kwana, da safe ka sassauta notin juye a hankali ba tare da ka cire shi gaba ɗaya ba, ka tara kwalba. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwanciya a ƙasa, don haka shi ne zai fara ɗigowa. Ka lura da launinsa: kore ko ja ko ruwan tsatsa na lagireto ne, mai laka-laka kuma na hanya ne. Kada ka ɗanɗana shi don ka ji zaƙi kamar yadda wasu ke yi, guba ne. Hanya ta biyu ita ce ta zafi. Ka riƙe murfin gwangwani da filaya ka ɗora a garwashi ya yi zafi fiye da tafasar ruwa, amma kada ya yi ja. Ka ɗauke shi daga wuta, ka matsa nesa da mota, sannan ka ɗiga man. Mai tsantsa zai bazu ya yi hayaƙi shiru. Mai ruwa zai yi ta fashewa tas-tas yana fallatsi, don haka ka kawar da fuskarka. Idan man yana warin fetur, ka bar wannan gwajin gaba ɗaya.

Da ka tabbatar ruwa ne, sai neman ƙofarsa. Idan motar ta ratsa ruwa, ka buɗe akwatin filtar iska. Filta a jiƙe tana nufin ruwa ya bi ta hanyar iska, kuma yana iya kasancewa a cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka buga sitata a wannan hali yana lanƙwasa sandar fistan. Ka cire filogi duka, ka juya injin da hannu ruwan ya fito ta ramukansu, ka canza filta da mai. Gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ba shi da laifi a nan.

Idan ba ta ratsa ruwa ba, ka koma kan lagireto, kuma sai injin ya huce sarai kafin ka buɗe murfinsa, domin ruwan cikinsa yana ƙarƙashin matsi kuma yana ƙona fuska. Ka duba ko ruwan ya ragu ba tare da yoyo a waje ba, ko akwai mai yana yawo a samansa. Idan za a gwada injin a kunne, a fara zubar da gurɓataccen man a zuba sabo ko da mai araha ne. Sai a cika lagireto har wuya, a bar murfi a buɗe, a tayar da injin daga sanyi. Kumfar da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa idan an taka totur, iskar silinda ce ke shiga hanyar ruwa. Wata dabara ita ce a ɗaura safar hannu ta roba a bakin lagireto a toshe ƙaramin tiyon da ke gefensa; idan ta kumbura tun injin bai ɗumama ba, hukuncin ɗaya ne. Haka idan an rufe murfi babban tiyo na sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa. Ka duba salansa ma: farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne ke ƙonewa. Idan ka cire filogi ka ga guda ɗaya ya yi fes fiye da sauran, tururi ne ya wanke shi, kuma silindarsa ce ake zargi.

A gareji mai kayan aiki ana auna matsin kowace silinda, kuma biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Ana kuma hura lagireto da famfo zuwa matsin da aka rubuta a murfinsa, yawanci tsakanin bar 0.9 da 1.1, a ga ko allurar za ta sauka. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin fetur ya ratsa shi.

Ga wani abu da ke ruɗa har ƙwararru. Gaskit yana iya fashewa tsakanin hanyar ruwa da hanyar mai kawai, bai taɓa silinda ba, sai ka ga babu kumfa, babu farin hayaƙi, matsi daidai, amma ruwa yana gangarawa kasko. Akasin haka kuma, ruwa yana iya shiga mai alhali gaskit lafiyarsa lau. Injinan gazuwal da yawa suna da na'urar sanyaya mai da ruwan lagireto ke ratsawa, kuma idan ta huje, mai yakan shiga ruwa lokacin da inji ke aiki domin matsinsa ya fi ƙarfi, sannan ruwa ya shiga mai bayan an kashe. Idan na ga mai da yawa a lagireto ba tare da tafasa ba, wannan na'urar nake fara dubawa, domin ta fi kan inji sauƙin kwancewa da araha. Tsofaffin injinan Peugeot irin na 504 kuma hannun silindarsu, wato bututun da fistan ke kai-komo a ciki, a cikin ruwa yake zaune, da abin toshewa a gindinsa, kuma idan wannan ya saki, canza gaskit sau goma ba zai tsayar da ruwan ba. Idan har an kai ga kwance kan inji, kada a mayar da shi sai an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna ko ya karkace, an kuma duba tsaga tsakanin bawul. A injina da yawa karkacewar da ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 sai an kai shi an goge.

6. Idan man ya tsinke yana warin fetur ko gazuwal

Irin wannan man launinsa ba ya ba da tsoro, wani lokaci ma yakan fi tsohon mai haske, shi ya sa ake wuce shi. Alamarsa ita ce yana ɗiga daga sanda da sauri, awo ya ƙaru, wari ya fito. Ka ɗiga shi da sabon mai a kan gilashi ko faranti ka karkata. Wanda ya tsinke zai riga gangarowa da nisa.

A motoci masu kafireto ka fara da famfon fetur da ke manne a jikin inji, domin idan fatar cikinsa ta yage fetur yana zuba kai tsaye cikin kasko. Bayansa sai kafireton da ke ambaliya, ko cok da ya maƙale a rufe. A motoci masu nozul, nozul ɗin da ke ɗiga bayan an kashe inji shi ne babban mai laifi, kuma alamarsa wahalar tashi da zafi da baƙin hayaƙi. Filogin da ba ya ba da wuta yana barin ɗanyen fetur ya wanke bangon silinda ya sauka, haka ringin da ya cinye. A injin gazuwal ana duba nozul da silin famfon gazuwal, kuma kada a yi wasa da awo da ya haura sosai, domin irin wannan inji yana iya jan man kaskonsa ya ƙona ya yi ta gudu ko an cire makulli.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a nan, ta cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a haɗa fanka ta yi ta juyawa, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Ban yarda da ita ba. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa kwamfutarsa tana ci gaba da ba shi fetur fiye da buƙata, feturin da ya sauka cikin mai kuma ba ya samun zafin da zai kore shi. Motar da ke tafasa lagireto ko fanka ko famfon ruwa ne ke buƙatar gyara.

7. Idan akwai gurzo ko ƙyalƙyali

Gurzon da ake ji a yatsa yawanci ƙura ce, kuma a garin da iskar hunturu ke busawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga hanyoyin yashi irin na cikin Dakoro, ita ce ke kashe inji a hankali ba tare da an sani ba. Ka cire tiyon da ya tashi daga akwatin filtar iska zuwa inji, ka sa yatsa a cikinsa ka shafo. Ya kamata ya fito fes. Idan ya fito da ƙura, filtar ta yage, ko ba ta zauna daidai ba, ko tiyon ya tsage a lanƙwasarsa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Masu hura filta da iska mai ƙarfi su sani cewa takardarta tana hujewa, kuma filtar da aka wanke da ruwa ta gama aiki. Mazurarin da ake zuba mai da shi ma, idan a ƙasa yake kwana, yashi yake kai wa inji.

Don neman ƙarfe, ka juye man a kwano mai tsabta ka kai shi rana ka karkata. Ka zagaya maganaɗisu a cikin leda a gindin kwanon. Ɗan laushin toka-toka kaɗan cin yau da kullum ne. Ɓurɓushin da ido ke gani idan ya manne, baƙin ƙarfe ne, daga ringi ko silinda ko kamshaf ko sarƙa. Wanda bai manne ba kuma yana da launin azurfa, alminiyam ne, daga fistan ko metal. Mai launin jan ƙarfe ko zinariya daga metal yake, kuma wannan shi ne gargaɗi na ƙarshe kafin inji ya buga, musamman idan fitilar mai tana ƙiftawa a silo bayan inji ya yi zafi. Ka yanka filtar mai da almakashin kwano, kada ka sa zarto domin zai zuba nasa ɓurɓushin, ka warware takardar ka haska da tocila. Injin da aka sake ɗaurawa kwanan nan yakan nuna ɗan ƙyalli a juyen farko, amma ya kamata ya ɓace a na biyu. Zuba mai mai kauri don a rufe ƙarar metal ba gyara ba ne, jinkirta asara ne da ƙara mata girma.

8. Idan ya yi kauri baƙi yana ƙauri

Man da ke manne wa sanda yana jan zare, ko wanda idan ka haska ta ramin murfi ka ga ya yi ɓawo a jikin ƙarfe, ya dahu ne. Dalilinsa wuce lokacin juye, ko yawan tafasa, ko man da ba a san asalinsa ba, ko toshewar ƙaramin bawul da ke fitar da hayaƙi daga cikin inji. Littattafan motoci da yawa suna sa zafi da ƙura da gajerun tafiye-tafiye a cikin yanayi mai tsanani, inda ake rage tazarar juye zuwa wajen kilomita 5,000 ko wata 6, kuma duka ukun muna da su. Kada ka zuba kananzir ko gazuwal ka tayar da inji don wanke irin wannan dagwalo, domin yana ɓallowa guntu-guntu ya toshe rariyar famfon mai. Gara a sauke kasko a wanke shi da rariyar da hannu, sannan a yi juye biyu ko uku kusa-kusa.

9. Ja, kore, toka da kumfa

Waɗannan galibi ba daga inji suke ba. Wasu kamfanoni suna rina mansu ja ko kore ko shuɗi, wasu magungunan inji kuma suna mai da sabon mai ruwan toka mai duhu tun daga zubawa, shi ya sa ragowar galan ke da amfani. Idan ja ne kuma ba haka aka saye shi ba, wataƙila an zuba man giya bisa kuskure, sai a juye. Kumfa zalla wadda ke kwantawa idan mai ya huta a kwalba iska ce, kuma yawanci cikawa fiye da kima ce ta jawo ta. A rage man zuwa alamar sama. Idan kuma sandar giya otomatik ce ta nuna ruwan hoda mai madara-madara, bututun sanyaya man giya da ke cikin lagireto ne ya huje, kuma lagireton za a canza.

10. Bayan an gyara

Juye ɗaya ba ya fitar da ruwa ko fetur duka, domin akwai sauran mai da ke maƙalewa a kan inji da hanyoyin ciki. Ka zuba sabon mai da sabuwar filta, ka bar injin ya yi zafi sosai na minti 20 zuwa 30 kana kallon allurar zafi, ka juye yana da ɗumi ka duba. Idan har yanzu da fari, ka maimaita. Sai ya fito da launinsa sannan ka zuba man da littafin motar ya ambata, ko 5W-30 ne ko 15W-40 ko 20W-50, ba wanda mai shago ya ce kowa shi yake saye ba. Idan mai ya shiga lagireto, a wanke shi da tiyoyinsa, a canza duk tiyon da ya yi laushi ya kumbura, a kuma cika da ruwan sanyaya inji maimakon ruwan rijiya, wanda ke haifar da tsatsa da ɓawo.

A makon farko ka riƙa duba awon mai da na ruwa kowace safiya kafin tayarwa, ka yi alama da biro a jikin robar ajiyar ruwa don ka ga ko tana sauka, ka kuma sake juye bayan wajen kilomita 1,000. Tsohon man ka tara shi a jarka mai murfi ka miƙa wa gareji, kada a zubar da shi a ƙasa ko a magudanar ruwa, ruwan lagireto mai launi kuma a nisanta shi daga yara da dabbobi.